Laimar Kwaɗi a Bokitin Ɗaɗɗoya

Ƙarya na yi wa Inna, kuma wallahi ban shirya ta ba. Fitowa kawai ta yi daga bakina kamar atishawa.

Wata Asabar ce da hantsi, damina tana haɗa kayanta, ina zaune a tsakar gidanmu na unguwar Gesse a Birnin Kebbi ina tsintar shinkafa, sai ƙanena ya kira daga Argungu ya ce Inna na son magana da ni. Na riga na ji cewa ruwan makon jiya ya zubar da katangar bayan ɗakinta, amma tunda an ce ba wanda ya ji ciwo, ban ɗauki abin da zafi ba. Inna ba ta san dogon zance a waya ba. Nesa da kunne take riƙe ta, ta ɗaga murya sai ka ce tana kiran mai kwalekwale daga ƙetaren gulbi.

"Ke! Katanga ta kashe min ɗaɗɗoya, ko tushe guda ba a hidda ba. Irin da nib ba ki, kin shuka? Tana nan?"

"Tana nan, Inna."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma bakina ba ya son gajeren zance, sai na ji ya ɗora: "Ta ma cika bayan ɗaki, har yanka nake ina ba maƙwabta."

"To madalla. In kun zo yankan shinkahwa ki taho min da dashe."

Ta miƙa wa ƙanena wayar ko sallama babu. Ni kuma na zauna da faranti a cinya ina kallon bayan ɗakin nawa. Ba komai a wurin sai siminti da igiyar shanya da wata tsohuwar tayar mota.

Ɗaɗɗoyar Inna ba irin ta kasuwa ba ce, mai faffaɗan ganye. Tata ƙananan ganye gare ta, karanta ja-ja, kuma bayan ƙamshin da kowa ya sani akwai wani a ƙarƙashi mai kama da na kanumfari. Daga gidan mahaifiyarta ta zo da ita, can wani ƙauye a wajen Augie, tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa dafa ta a wuta ba. Sai ta sauke romon kifi, ta tsinko ganye biyar ko shida ta murje a tafin hannu, ta jefa, ta rufe tukunyar. In aka buɗe, har mutanen zaure sai sun san an sauke. Ranar da muka tare a Gesse, shekara shida kafin wannan waya, ta ba ni irinta a ƙulle cikin ɗan tsumma, ta ce in shuka. Na ce to. Na jefa ƙullin cikin wata kwalla, na ɗora wasu kwanoni a kai, na shiga hidimar makaranta da ta yara, na manta da shi sarai.

Yanzu ga ta wurin Inna ta mutu. Ke nan duk abin da ya saura na wannan ɗaɗɗoya a duniya yana cikin kwallata, in ma ɓera bai riga ni ba.

Na sauke kwanonin nan da gudu har murfi ɗaya ya faɗo mini a ɗan yatsan ƙafa. Ƙullin yana nan. Da na kwance, irin bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, baƙi, ƙanana, har sai da na riƙe numfashi kada in hure shi. Yankan shinkafa kuma saura mako bakwai.

Maigidana mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke tunzura mai zafin rai. Da na gaya masa, ya gama shan kununsa tukuna, sannan ya ce, "Malama, ki kira ta ki faɗi gaskiya mana. Ko kuwa in leƙa kasuwa in samo miki tushe biyu, ki kai mata."

"Innar za ka kai wa ɗaɗɗoyar kasuwa? Idonta ne ya yi rauni, ba hancinta ba."

"To ke kin taɓa shuka ɗaɗɗoya?"

Nan fa ya taɓo ni. Na ce masa ni ɗiyar manomi ce, ba ɗiyar ma'aikacin ofis irinsa ba. Na ce tun ban kai tsawon taɓarya ba nake shiga fadama, na yi dashe har bayana ya ƙage, na jawo ruwa daga fangali zuwa fangali, na kori tsuntsaye har muryata ta dishe. Wai ni za a tambaya ko na iya shuka! Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ɗauki hularsa.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Abin da ban lura ba shi ne, ban taɓa shuka komai ba sai shinkafa. A gidanmu in ka ga ƙasa ta bushe a gindin shuka, to mai gonar rago ne ko ba shi da lafiya. Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya samun natsuwa sai ya ga ruwa ya kwanta a fangali yana ƙyalli. Da wannan ilimin na tunkari ɗaɗɗoya.

Akwai bokitan fenti uku da suka rage tun gyaran gida. Na wanke su tas. Na sa maigida ya biya ta Zauro ya ɗebo mini baƙar ƙasar fadama a buhu, ya dawo takalminsa duk laka yana ƙunƙuni. Na samo buntun shinkafa a wurin masu injin, na samo kashin shanu wanda bai ma gama bushewa ba, don a ganina ɗanyen ya fi ƙarfi. Na cakuɗa su da hannuna ina jin kaina. Bokiti biyu lafiyayyu ne, ko ɗigo ba sa yi. Na ukun kuwa ya tsage a gindi. Na cusa leda, na shafa sabulu, duk da haka in na zuba ruwa sai in ga yana bin siminti. Ya ba ni haushi, na barbaɗa masa ɗan abin da ya manne a tsumman kawai, na tura shi lungu wajen tayar nan da guntun buhu a kansa, sai dai in watsa masa ragowar ruwa. Sauran irin duka na raba wa lafiyayyun biyu. Ban rage ko ƙwaya ɗaya ba, saboda ban ga abin da zai sa in buƙaci ragi ba.

Na jera biyun a inuwar katanga, na rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara kada rana ta gan su. Safe da yamma ina zuba ruwa har sai ya kwanta a sama. Kafin azahar na saman ya nutse, sai in ce ƙishi suke ji, in ƙara. Ban taɓa tambayar kaina inda na ƙasan yake zuwa ba.

A kwana na huɗu na ɗaga buhu na ga wani farin abu ya shimfiɗu a kan ƙasar kamar yanar gizo. Na ce saiwa ce ta fara tafiya. Wari ma ya fara tashi kaɗan-kaɗan, na ce ƙarfin taki ne.

A kwana na tara, bayan na idar da sallar asuba gari ya yi haske, na ɗaga buhu, sai ga su. Ƙananan kawuna farare, kamar kan ashana, sun huda ƙasa sun fito, wasu ma da ɓawon buntu a ka. Bokiti biyun nan duk sun cika. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni da nake tsawata wa yara a aji in sun yi ihu, ga ni a tsakar gida da hijabin salla ina rawa.

"Malam! Malam, fito ka ga aikin ɗiyar manomi!"

Ya fito da carbi a hannu, ya sa tabarau, ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo.

"Malama, ita ɗaɗɗoyar fara take fitowa?"

"Jariri ma ai da fari yake zuwa, daga baya ya yi launinsa. Kai dai ba ka san komai ba sai takarda."

"Haka ne," in ji shi. "Amma ban ga ganye ba."

"Yau aka haife su, ganyen me kake nema?"

Na ƙirga arba'in da wani abu kafin lissafin ya ɓace mini. Ranar na tafi makaranta ina murmushi ni kaɗai, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko albishir aka yi mini. Da na dawo na dafa shinkafa da miyar kaza ba Salla ba suna, na kuma ƙara wa jarirai ruwa, har da ɗan ƙari na barka.

Washegari na ɗaga buhu, sai na tsaya da shi a hannu. Kowane kai ya yi tsawo a kan siririn kara fari, ya buɗe ya zama 'yar laima. Laimar kwaɗi ce. Irin wadda ke fitowa a juji da gindin ruɓaɓɓen icce, wadda tun muna yara ake hana mu taɓawa, ana cewa inda kare ya yi fitsari take tsirowa. Ita na yi wa guɗa. Ita na yanka wa kaza.

Ban kira maigida ba, shirun da ya ji ne ya fito da shi. Ya leƙa bokiti, ya dube ni, ya sake leƙawa. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya yi ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba, har leɓe ya ciza. Daga baya abin ya fi ƙarfinsa, ya zauna a kan turmi yana dariya har da hawaye.

"Sannu da aiki, ɗiyar manomi. Bana kam kwaɗin Gesse ba mai jiƙewa."

"Ka ci kazar ai, ba ka ce komai ba!"

"Na ci, kuma ta yi daɗi. In sun yi jikoki a sake yanka wata."

Na jefe shi da buhun algarara. Amma da ya tafi aiki, dariyar ta bar gidan, sai tsoro ya shigo. Irin nan ba ni da wani. Na tsuguna na dinga tumɓuke laimomin nan da haushi, ina haɗawa da ƙasar da ke gindinsu ina watsarwa a kwata. Washegari suka dawo, sun ma fi na jiya yawa. Na sake tumɓukewa, na barbaɗa toka. Suka huda tokar suka fito da ita a ka kamar masu zuwa biki. Kwana uku muna wannan yaƙi, kullum ni ce a ƙasa. Abinci ma ya daina yi mini daɗi. In waya ta yi ƙara sai in zaci daga Argungu ne.

A rana ta huɗu na yanke shawara. Na ce tunda ba sa jin toka, za su ji ruwan zafi. Ban tsaya tunanin abin da zai sami irin da ke ƙasa ba, zuciya ta riga ta hau. Na tafasa ruwa a buta, na fito da ita tana tururi, sai ga sallamar Iya.

Iya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Bayarabiya ce, tana amarya aka kawo ta Birnin Kebbi, yanzu har jikokinta sun shiga makaranta. Robobi take sayarwa a kasuwa, kuma in tana magana daga bayan katanga ba ka ce ba a bakin gulbi aka yanke mata cibiya ba. Rariyata ta dawo da ita. Ta dubi butar, ta dubi fuskata.

"Malama, wa za ki ƙonawa da sahe haka?"

Na nuna mata bokitan. Na ba ta labari tun daga wayar Inna, ban ɓoye ƙaryar ba, don Iya ba a yi mata rabin zance. Ta ajiye rariya, ta karɓe butar daga hannuna ta kai can nesa, sannan ta gyara ɗaurin zane ta kama bokiti ɗaya ta karkata shi. Wani baƙin ruwa ya kwararo, mai warin da ya sa muka ja da baya mu duka biyu. Ya daɗe yana zuba.

"Oh ni! Malama, shinkahwa kis shuka ko ɗaɗɗoya?"

"Shuka ai shuka ce, Iya. Wace ce ba ta son ruwa?"

"Ke ma kina son ruwa. In tura ki rijiya in rufe?"

Ta ce a garinsu ba macen da ba ta da irin wannan ganye a tsohon gwangwani ko fasasshiyar tukunya, kuma abu na farko da ake yi shi ne a huda gindin. Ta tsinko laima ɗaya ta juya ta a hannu ba ko ƙyama. Ta ce a wajensu akwai waɗanda ake ci, na daji, amma ba waɗannan ba, kada in bar kowa ya kai baki. Sannan ta ce abin da ya fi komai ƙona mini rai.

"Wagga ba ta cin shuka. Buntu da kashin shanun da kiz zuba taka ci. Ta ga danshi, ta ga duhu, ta ga abinci, mi za ya hana ta zama? Ba ita tak kashe miki iri ba. Zuwa tay yi ta gaya miki ruwa sun yi yawa, ke ko kina ta dukanta."

Ta sa yatsa ta tona bokitin farko a hankali, ta tona na biyu. Laka ce kawai mai yauƙi. In ma akwai wanda ya yi niyyar tsirowa, ko ya ruɓe, ko na tumɓuke shi tare da laima na watsar a kwata da hannuna.

Na zauna a kan siminti na fashe da kuka. Ba kunyar ƙaryar ce ta sa ni kuka ba. Tunawa na yi abin nan ya fi shekara sittin yana hannun mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba, bai ɓace ba, sai da ya zo hannun mai takardar koyarwa ya mutu a kwana goma sha uku.

Iya ba ta rarrashe ni ba. Zagaya tsakar gidan take yi tana dube-dube, har ta kai lungun taya.

"Wanga hwa?"

"Rabu da shi, Iya, fasasshe ne. Ba ya riƙe ruwa."

Ta ɗaga guntun buhun da ke kansa. Shi ma da laimominsa, guda shida ko bakwai, don ban ma damu in tumɓuke nasa ba. Ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa bakin bokitin. Sai ta ce, a hankali, kamar mai gudun tada barci, "Taho nan. Share idonki tukuna."

A tsakanin fararen karan laimomin akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore. Kowanne da ganye biyu ƙanana, sun buɗe kamar tafin jariri, ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa da yatsa daga nesa. Biyar.

Wannan karon ban yi guɗa ba, na riga na ji jiki. Na kama hannun Iya na ce, "Ki rantse ba wata laimar ba ce."

"Wallahi ɗaɗɗoya ta. In ta buɗe laima ki zo ki kwashe robobina duka."

Sai ga ni ina dariya da majina a hanci.

Iya ta karɓi mulkin bokitin nan a take. Ta sa ƙusa a garwashi ta yi ja, ta ƙara masa huji huɗu a gindi, ta zare ledar da na cusa. Ta ɗora shi a kan bulo biyu a inda ranar safe ke sauka ta kuma kauce kafin azahar. Buhun algarara ta ce in kai shi inda ba za ta sake ganinsa ba. Ta barbaɗa yashi siriri a sama. Laimomin kuwa ta hana ni taɓa su, ta ce saiwar jariran ba ta fi gashi ba, in na ja laima za su biyo ta. Ta huda gwangwanin tumatir ta ba ni, ta ce shi ne ma'aunina. Kafin in zuba kuma sai na tsoma yatsa a gefen ƙasar har gaɓa ɗaya. In ya fito da danshi, in koma ɗaki in nemi abin yi.

Ban taɓa sanin hana ruwa aiki ba ne sai a lokacin. Na tashi in ga saman ƙasar ya yi fari-fari, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. In tsoma yatsa, in ji danshi, in ce ai wannan gefen ne, bari in gwada wancan. Wata rana maigida ya kama ni ina zagaya bokitin da kofi a ɓoye cikin hijabi. Sai ya ɗaga murya ta kan katanga: "Iya! Ga ta nan za ta yi!"

"Malama, aje kohin nan!" in ji Iya daga gidanta.

Na ajiye, na ce musu su biyun munafukai ne.

Tunda an hana ni taɓa laimomin, sai na koma kallonsu. Kowace safiya in ɗauko kujera 'yar tsuguno in zauna da kofin shayi. Ashe abin kallo ne. Da sassafe suna tsuke, kafin shayina ya huce sun fara buɗewa, saman ya yi tsaga-tsaga siriri, har hasken rana na ratsa shi. Kafin hantsi ya ɗaga sai gefen ya naɗe ya yi baƙi, su narke kamar tawadar allo, karan ya kwanta. Rayuwar duka ba ta kai tsawon darasi uku ba. Ban ga sun matsa wa 'yan korayen nan ba ko kaɗan, kowa harkarsa yake. Har na fara gaishe su. Maigida ya ji ni wata safiya ina cewa, "Kun kwana lafiya, 'yan baƙin ciki?" ya ce shi dai zai nemo mini mai ruƙiyya.

Da ƙasar ta fara shan iska suka dinga raguwa. Yau biyar, gobe uku, jibi babu, gata ɗaya. Ta ƙarshen wata 'yar ƙarama ce da ta fito a jikin bokiti a karkace. Da ta narke na jira kwana biyu ban ga wata ba, kuma abin mamaki sai na ji ba daɗi.

Cikin biyar ɗin, ɗaya ta kwanta, gindinta ya tsuke kamar zare, ba ta tashi ba. Huɗu suka tsaya. Suka fitar da ganye na gaskiya masu ɗan tsini, karan ya fara ɗaukar ja. A mako na uku na kasa haƙuri, na shafa ganye ɗaya da ɗan yatsa, sau ɗaya tak, na kai hanci. Ga kanumfarin nan a ƙarƙashi. Na ji kamar an buɗe tukunyar Inna a gabana. Na bi maigida har bakin mota ina tura masa yatsa a hanci, na zagaya na tura wa Iya. Ranar nan da hannun hagu na yi rubutu a allo, don ban so alli ya kashe ƙamshin.

Ranar tafiya Argungu tsawonsu bai kai taƙi ba. Na ƙi yarda a sa bokitin a but ɗin mota, a cinya na rungume shi. Hagu da dama fadama ta yi ruwan zinariya, mutane sun duƙa da lauje, ana ta bugu a kan gangar ƙarfe, amma ni ramukan hanya kawai nake gani. Duk wanda muka faɗa sai na ce wa maigida da gangan ya yi. A tsakani kuma ina ta gyara zancen da zan yi.

"Zan ce ƙananan na zaɓo mata, sun fi kama ƙasa."

"Malama, ƙarya ɗaya ta sa kin yanka wa laimar kwaɗi kaza. Ta biyu ban san me za ki yanka ba."

Na ce ya kula da tuƙinsa.

Mun tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. An tada sabuwar katanga, jar ƙasarta ko bushewa ba ta gama yi ba, kuma inda ɗaɗɗoyar take a da ya zama fili fetal. Bayan gaisuwa na ajiye bokitin a gabanta. Ba ta kalle shi ba, hannu ta miƙa. Ta shafa ganyen sama ta kai hanci, ta rufe ido. Ta sake shafawa, ta sake kaiwa hanci.

"Ita ta," in ji Inna.

Na buɗe baki zan fara zancen ƙananan da na zaɓo, sai na ga yatsunta suna bin karan zuwa ƙasa. Suka tsaya a kan wasu 'yan ganye biyu da suka yi ɗorawa a gindi, na farkon nan da suka fito da su.

"Wagga ba dashe ba ta. Ga kunnuwanta na haihuwa ba su hwaɗi ba. Cikin bokitin ga anka haihe ta, kuma ba ta yi wata biyu ba."

Ba sauran wurin ɓuya. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, kwalla da tsumma, ƙasar Zauro, ruwa safe da yamma. Na so in tsallake guɗar, maigida daga bakin rumfa ya ce, "Inna, ba ta gaya miki kazar ba." Dole na faɗa.

Tunda nake ban taɓa ganin Inna ta yi irin wannan dariya ba. Ta kifa kai a gwiwa, gyaɗa ta watse a tabarma, ta yi tari, aka kawo mata ruwa, ta sha, ta ce, "Arba'in da wani abu!" ta sake fashewa. Matar ƙanena ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya.

Da ta lafa na ce, "Inna, ki yafe mini ƙaryar."

"Wace ƙarya? Sau biyu ina kwana gidanki in na zo ganin likitan ido. Gidan da ad da ɗaɗɗoya tun daga ƙohwa aka jin ta. Na san ba ki shuka ba."

"To me ya sa kika tambaye ni?"

"In na ce ki shuka, cewa za ki yi to, ki ƙara aje shi. Na san halinki, ba ki motsi sai kin ji kunya."

Ta sa aka kawo mata tsohon cokali. Da kanta ta zagaye tushe ɗaya, ta ɗago shi da ƙasarsa a tafin hannu, ta ce wa ƙanena ya haƙa mata rami a gindin sabuwar katanga. Na matso da bokitin don ta ciri sauran, sai ta tura mini shi da ƙafa.

"Guda ta ishe ni romo. Ukun ga mai da su Gesse. In sun yi hure kada ki yanke, bari su bushe bisa kara, ki murje ki ƙulle. Rabi ki shuka da ruwan hwari, rabi ki ba Bayarabag ga, ita ta san darajar abu."

"To, Inna."

"Ba irin to ɗin da ba. Shekara shidda nij jira ki, ba ni da wasu shidda da zan ba ki."

Tana murmushi ta faɗa, tana karkaɗe ƙasa daga zanenta, har na fara dariya tare da ita kafin maganar ta iso ni. Na ja bokitin jikina na riƙe da hannu biyu. Ita kuwa ta riga ta juya tana ce wa matar ƙanena a aika bakin gulbi a samo kifi, don yau da baƙi a gidan.